Mabegin da Ya Ji Muryarsa a Waya Ya Daina Jan Baiti: Nazarin Wani Lamari daga Gadarif

Saurayi ne ɗan shekara 24, Bahaushen Gadarif a gabashin Sudan. Kakanninsa na cikin waɗanda suka taso daga ƙasar Hausa da niyyar sauke farali ta ƙasa, suka yada zango a nan, noman riɗi da dawa ya riƙe su. Da damina yana gona, da rani yana taya wani yayansa aiki a kasuwar amfanin gona. Tun yana ɗan shekara 12 yake cikin 'yan amshi a zawiyar unguwarsu, inda ake begen Annabi (SAW) da Hausa da Larabci ana buga bandiri, wanda mutanen Sudan ke ce wa ɗar. Shekara biyu kafin wannan lamari aka fara tsayar da shi a gaba yana jan baiti, saura suna amsawa.

A wani daren Maulidi wani yaro ya ɗauke shi da waya, ya tura zauren WhatsApp na unguwa. Jama'a suka yi ta Masha Allah. Shi kuwa da ya kunna, ko ƙarshe bai kai ba ya kashe. Abin da ya ce ya ji shi ne murya siririya, ta hanci, kamar ta yaron da bai balaga ba, alhali a kunnensa ya san kansa da murya cikakkiya. Wata huɗu bai sake tsayawa a gaba ba. Ya koma sahun baya yana motsa leɓe, in aka matsa masa ya ce mura ke damunsa.

Da aka lallashe shi ya dawo, sai abin ya ƙara ɓaci. Ya shiga ƙoƙarin ƙirƙiro kaurin da yake ganin ya rasa: ya duƙar da haɓa, ya danne maƙogwaro, ya fara ƙasida daga can ƙasa. Kafin minti ashirin muryar ta dishe, ƙarshen baitoci na mutuwa a bakinsa, 'yan amshi suna neman inda za su kama. A nan ne mutum biyu suka sa hannu. Ɗaya dattijo ne da ya fi shekara talatin yana jan baiti a zawiyar, ɗayan kuma kawun saurayin ne, mai bayar da hayar lasifika a wuraren biki, wanda ya san makirfo da ɗaukar sauti. Aikin ya ɗauki mako takwas, kuma tsarin da aka bi ne ya sa lamarin ya cancanci a rubuta shi.

Dalilin da ya sa bai gane muryar ba

Duk wanda ke gefenka ta hanya ɗaya yake jin muryarka: ta fito baki, ta bi iska, ta bugi dodon kunnensa. Kai mai muryar ta hanya biyu kake jin ta a lokaci guda. Akwai ta iska, akwai kuma girgizar da ke tashi daga tantanin maƙwallato ta bi naman wuya da muƙamuƙi da ƙashin kai ta isa can cikin kunne. Wannan hanya ta biyu ta fi ɗaukar sauti mai kauri, don haka kullum akwai wani ƙarin kauri da mai murya ke ji wanda babu wanda ya taɓa jin sa sai shi. Georg von Békésy, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1961 saboda bincikensa kan kunne, ya yi rubutu kan wannan tun 1949. Gwajinsa a gida ba wuya: a toshe kunnuwa biyu da yatsu, a rufe baki a ce "mmm". Sautin zai ƙara cika kai maimakon ya ragu, kuma wannan cikar ce waya ba ta iya ɗauka.

Ga kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. Siraran sautukan murya gaba suke nufa daga baki, kamar hasken tocila, masu kauri kuwa ko'ina suke bazuwa. Kunnuwan mutum na bayan bakinsa, saboda haka ko ta iskar ma kaurin ya fi isa gare shi, ƙarar muryar ta tafi wurin jama'a. Wanda ya shekara goma sha biyu yana bege a haka, ranar da ya ji kansa daga gaba dole ya ji baƙo. Wasu masu bincike biyu, Philip Holzman da Clyde Rousey, sun nuna a 1966 cewa mutane kan shiga damuwa ta ɗan lokaci idan aka kunna musu muryarsu, kuma ba bambancin kauri kaɗai ke kawo hakan ba, har da jin abubuwan da ba su san muryar na tona musu asiri a kai ba, kamar fargaba da ɗari-ɗari.

An yi wa saurayin wannan bayani tun zaman farko, ya fahimta sarai, kuma ko kaɗan bai sa ya ji daɗin muryar ba. Haka abin yake kusan ga kowa. Amfanin bayanin kawai shi ne ya cire masa zaton cewa mutane sun daɗe suna yi masa kara, suna yabon abin da ba ya yabuwa.

Hanyar da muryar ta bi kafin ta dawo kunnensa

Kawun ne ya fara tambayar da ta dace: ina yaron ya tsaya da ya yi ɗaukar? Ashe kusan mita huɗu yake daga mai jan baiti, dab da lasifikar nan mai baki kamar mazurari da ake ɗaurawa a kan sanda. Irin wannan lasifika don magana ta kai nesa aka ƙera ta, tana zubar da kauri ta bar tsakiyar sauti mai huda kunne. Wato abin da wayar ta ɗauka muryar da ta riga ta bi makirfo da mazurari ce, ga bandiri uku a kusa suna cika ƙaramin makirfon wayar har yana tsagewa. WhatsApp ya matse fayil ɗin don ya yi sauƙin turawa. Daga ƙarshe shi kuma ya saurara ta ƙaramar lasifikar waya.

Wannan mataki na ƙarshe ya fi kowane ɓarna ga muryar namiji. Tantanin maƙwallaton babban namiji yana kaɗawa tsakanin sau 85 zuwa 180 a sakan idan yana magana, na mace tsakanin 165 zuwa 255. Lasifikar waya ƙanƙanuwa ce, ba ta iya tura iskar da za ta fitar da sauti mai kauri haka, sai ta bar rassan sautin na sama kawai. Ko kiran waya na gargajiya daga kaɗawa 300 zuwa 3,400 a sakan yake ɗauka. Gindin muryar ne ake sarewa, a miƙo wa mutum rassan.

Sai aka sake ɗauka yadda ya kamata. Ba a yi a ɗakin siminti mai rufin kwano ba, don bango da kwano na dawo da sauti su cakuɗa shi. An shiga ɗakin ciyawa irin na Gadarif da ake kira guɗɗiyya, mai gado da katifa da tabarma, waɗanda ke shanye amsa-kuwwa. Bayan sallar isha aka yi, lokacin da ƙarar raksha, wato babur mai ƙafa uku, ta lafa, aka kashe fanka. An ɗora wayar kan kujera a kan matashi, daidai tsayin bakinsa, nisan kamu ɗaya, wato santimita 40 zuwa 50, aka ɗan kauda ta gefe don kada iskar "b" da "f" da "ƙ" ta riƙa dukan makirfon. In aka matso da ita ƙasa da taƙi ɗaya sauti na tsagewa a wurin ɗaga murya, in aka kai ta mita biyu ɗakin ake ɗauka fiye da mutumin, domin duk ninka nisa sau biyu yana rage ƙarfin muryar da ke isa kai tsaye da desibel 6 a ma'aunin ƙarfin sauti. An yi amfani da manhajar ɗaukar sauti ta wayar a mafi girman ingancinta, ba saƙon murya ba, don saƙon murya an tsara shi ne domin magana kuma yakan taɓa dogon jan sauti. Baiti huɗu kacal, minti ɗaya da rabi. Saurare kuma da abin kunne, samma'a kamar yadda ake ce masa a can, a matsakaiciyar ƙara.

Da ya ji wannan, kusan rabin ƙorafin ya tafi. Tsagewar babu, muryar ta yi jiki. Amma har yanzu ba ita ce ya sani a kansa ba, kuma a nan kawun ya yi wani gwaji da bai ba da abin da aka zata ba. Ya ɗauki samari uku na zawiyar a ɗakin nan, da baiti ɗaya, ya haɗa da na ɗan 'yar'uwarsa, ya kunna masa a cakuɗe. Dalilinsa yana da tushe, don binciken Susan Hughes da Marissa Harrison na 2013 ya samu cewa mutanen da aka cusa musu muryarsu cikin ta wasu ba tare da an gaya musu ba sun fi ba tasu maki. Shi dai nan take ya gane tasa, ya ɓata fuska. Sai dai ya faɗi wata magana da ta fi gwajin amfani: muryoyin abokansa uku, in ji shi, daidai suke da yadda ya san su. Dattijon ya ce masa, "To ɗana, in wayar ba ta yi wa su wane ƙarya ba, kai ma ba ta yi maka ba. Wannan muryar muka ji muka ce ka fito gaba."

Maganar na da ɗaci, kuma bai kamata a sassauta ta ba. Kuskuren da masu lallashi ke yi shi ne su ce wa mutum waya ce kawai, muryarka ba haka take ba. Idan ɗaukar ta yi kyau, haka take. Wanda aka gaya wa akasin haka zai yi ta canza waya da makirfo yana neman muryar da a cikin ƙashin kansa kaɗai take.

Takardar da ta raba gyara da abin da ba gyara ba

Daga nan aka kafa masa ƙa'idar saurare, kuma ita ce ƙashin bayan aikin. Ba ya sauraron ɗauka a ranar da aka yi ta, sai ta kwana, domin a ranar jikinsa na tune da yadda waƙar ta ji daga ciki, kwatancen ya yi tsanani. Washegari ya saurara sau uku, kowane da tambaya ɗaya: na farko kalmomi sun fita ko sun cinye juna, na biyu sautin ya tsaya a inda ya fara ko ya zame, na uku ina numfashi ya ƙare. An hana shi rubuta "muni" ko "daɗi" ko "kamar ta yaro". Abin da aka yarda ya rubuta shi ne lokaci da abin da ya faru, misali "sakan 23, ƙarshen baiti ya sauka", ko "sakan 51, kalmar Madina ta fita ta hanci". Hikimar ita ce "muryata ba daɗi" ba ta da bakin zaren da za a kama, amma "sakan 23" ana iya komawa a ji, a gwada wani abu, a sake ji.

Da aka tara ɗauka biyar, ƙorafin da ya cika masa duniya ya koma abu uku a takarda.

Mafi girmansu shi ne inda yake fara ƙasida. Kawun ya sa manhajar auna sauti a waya, aka ga muryarsa na fita tsab har zuwa kaɗawa kusan 120 a sakan, ƙasa da nan sai ta koma iska da ƙurji. Shi kuwa yana farawa ta yadda saukar baiti ke kai shi wajen 100. Ƙarshen kowane baiti yana faɗawa ramin da muryarsa ba ta kai ba, shi ya sa yake duƙar da haɓa yana danna maƙogwaro, dannawar kuma ita ke kawo dishewa. Da aka bi tarihin abin, tun kafin Maulidin yake haka kaɗan-kaɗan, yana bin sawun dattijon mai kakkaurar murya da ya tashi yana ji, bayan bidiyon kuma ya ninka. Aka ɗaga masa mafari da ƙananan matakan sauti huɗu, irin waɗanda ake kira rabin mataki, saukar ta koma wajen 126. Dattijon ba ya aiki da manhaja, nasa tsarin ya fi sauƙi kuma ya fi dacewa da fili: kafin a fara, a rera layin da ya fi sauka a ƙasidar a hankali, a nemo inda yake fita garau kai a miƙe, daga nan a hau zuwa mafari. Sai da aka zauna da 'yan amshi ma, don ɗaga mafari ya shafe su. Biyu daga cikinsu suka koma amsawa a ƙasa, kuma aka riƙa gasa fatar bandiri a wuta ta ƙara ɗamewa, sautinta ya ɗan hau.

Game da manhajar nan akwai gargaɗi, don ta rikita mutane da dama. An gina ta ne bisa tsarin sautukan kiɗan Turawa mai rabin mataki 12 daidai wa daida. Yawancin waƙar tsakiyar Sudan, kamar waƙoƙin Hausa da yawa, a kan sauti biyar take tafiya, ƙasidun da aka ɗauko karinsu daga maƙamai, wato tsarin sautukan waƙar Larabawa, irin su Rast da Bayati kuma suna da sautukan da ke faɗawa tsakanin rabin matakan nan. Manhajar za ta nuna ja a wurin da mabegi yake daidai. Amfaninta a nan biyu ne: gano iyakar murya ta ƙasa da ta sama, da kwatanta sauti ɗaya a baitin farko da na takwas a ga ko an zame.

Na biyu numfashi. Yana ƙoƙarin kai baiti gaba ɗaya, ɗango biyu, da shaƙa ɗaya, don a ganinsa tsayawa a tsakiya gazawa ce. Iska na ƙarewa, matsin da ke kaɗa tantanin ya ragu, sautin ya sauka, wuya ya ɗaure don ya cike gibin. An sa masa alamar alƙalami a tsakiyar kowane baiti, a gaɓar da ma'ana ba ta karyewa, can zai shaƙa. Atisayen ba shi da yawa: hannu biyu a kan haƙarƙarin ƙasa, a shaƙa har su buɗe gefe ba tare da kafaɗa ta ɗaga ba, a saki da "sss" siriri ana ƙirga sakan. Ya fara da 14, cikin mako huɗu ya kai 26. Sai bututun shan lemo a cikin gorar ruwa, bakinsa ya nutse santimita 2 zuwa 3, ya riƙa rera karin ƙasidar ta cikinsa ruwan na ɓulɓula, minti uku, sau uku a yini. Ƙuntata mafitar iska haka yana dawo da ɗan matsi saman tantanin ya sa ya kaɗa ba tare da an matse shi ba, kuma Ingo Titze na cikin masanan murya da suka yi bayanin yadda hakan ke aiki. In aka nutsa bututun da zurfi sosai ko aka busa da ƙarfi, atisayen ya koma abin da ake gudu.

Na uku shi ne maganar hanci, kuma a nan aka fi samun abin koyo. Gwajin shi ne a ja "aa" mai tsawo, a riƙa matse hanci da yatsu ana saki. In sautin ya canza, iska na bi ta hanci. In bai canza ba, abin da ake ji ba hanci ba ne. Da aka gwada shi da "aa" tsura, babu canji ko kaɗan. Da aka gwada kalmomi irin su Madina da Manzo da Nana, wasalin da ke bin "m" da "n" ya canza sosai. Hanɗa, wato naman nan mai laushi na can bayan ganɗa, yana sauka don a furta "m" da "n", nasa kuma ba ya saurin komawa sama, gunnar sai ta malala cikin wasali. Wanda ya yi karatun tajwidi ya san gunna tana da wurinta da gwargwadonta, don haka bayanin bai yi masa wuyar kamawa ba. Atisayen shi ne maimaita "nga, ga, nga, ga" a hankali yana jin yadda "g" ke rufe ƙofar hanci, sannan "ma, ba, ma, ba" har wasalin bayan "m" ya yi daidai da na bayan "b", da buɗe muƙamuƙi faɗin yatsa ɗaya da rabi a dogon wasali. Mako uku ya wadatar.

Sauran abin da yake kira hanci, wanda ya fi yawa, ƙarar muryarsa ce ta asali. Wannan ba ta shiga takarda ba.

Sabo, da inda aka yi tuntuɓe

Ana cikin gyaran nan ana wani aiki na dabam, na sa kunne ya saba. Masanin halayyar ɗan Adam Robert Zajonc ya nuna a 1968 cewa yawan haɗuwa da abu, ba tare da wani sharri ya biyo baya ba, yana sa mutum ya ƙara karɓarsa. Sabo turken wawa, in ji Bahaushe, amma a nan turken ake nema. Muryar cikin kai ta samu shekara 24 na sabo, ta waje ba ta samu ko awa ɗaya ba. An sa masa minti biyu a yini, kwana biyar a mako, yana sauraron ɗauka mai kyau ba tare da alƙalami ba, zai fi kyau hannunsa na wani aiki, kamar tsince riɗi. Bayan kowane saurare ya ba ƙyamar da ya ji maki daga 0 zuwa 10. Makon farko 9 da 8, mako na uku 5, mako na shida tsakanin 2 da 3.

Saukar ba a miƙe ta tafi ba. A mako na biyu ya kwana yana maimaita ɗauka ɗaya fiye da sau ashirin, ta lasifikar waya, yana farautar aibi. Washegari makin ya koma 9 kuma ya ƙi zuwa atisaye. Saurare irin wannan ƙyamar yake horarwa, saboda kowane maimaici na zuwa da hukunci, shi ya sa aka iyakance lokacin kuma aka raba ranar alƙalami da ranar sabo. A mako na huɗu kuma ya samo manhajar da ke ƙara amsa-kuwwa, ya ji muryar ta yi faɗi kamar a babban masallaci, ya so ya koma saurare da ita kaɗai. Kawun ya hana, don amsa-kuwwa na rufe zamewar sauti da ƙarewar numfashi, ga shi kuma sabo da muryar da ba ita jama'a ke ji ba komawa gidan jiya ne. Amma ya yi amfani da damar ya nuna masa cewa begen da yake ji na fitattun mabega an ɗauke shi a situdiyo, an zaɓi mafi kyau cikin ɗauka da yawa, an daidaita ƙara, an sa amsa-kuwwa, wani lokaci har an gyara sauti da kwamfuta. Wanda ya auna ɗaukar guɗɗiyya da wannan ya zalunci kansa.

An kuma duba abubuwan da, da sun bayyana, da sai a canza hanya. An rera masa sautuka bibbiyu ya faɗi wanda ya fi hawa, ya maimaita gajeren kari, duk ya yi daidai, don haka ba ya cikin 'yan kaɗan, kashi 1.5 zuwa 4 cikin ɗari bisa ƙiyasin masana, da aka haifa ba sa bambance hawa da saukar sauti. Dishewarsa na washewa kafin gari ya waye, ta daina zuwa ma bayan an ɗaga mafari. Da ta wuce mako uku zuwa huɗu ba ta tafi ba, ko ta zo da zafin haɗiya ko jini, wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro za a nufa a leƙa tantanin kafin kowane atisaye. An dai ce ya riƙa rufe hanci da baki da rawani a ƙurar kasuwa, ya matsa daga kaskon turaren wuta lokacin bege, ya sha ruwa tun da rana maimakon ya jira sai an fara, kuma ya bar kakarin gyara murya da ƙarfi, wanda ke gwara tantanin da juna.

Abin da ya rage

A mako na bakwai takardar ta kusa zama fara, amma muryar tana nan siririya mai ƙara. Wannan daga halitta ne: tsawo da kaurin tantanin maƙwallato, tsawon maƙogwaro, girman kogon baki. Horo na gyara yadda ake amfani da su, yana ƙara cika da tsabta, amma ba ya mayar da algaita kakaki. A nan ne ya yi tambayar da ke cinsa tun farko.

"Baba Malam, to kaurin fa? Ba zai zo ba ke nan?"

"Ɗana, kauri ga shi nan a sahun amshi, mutum goma. Ni da nake da shi, in bandiri uku suka tashi sai na rungumi makirfo. Kai ranar da wuta ta ɗauke, matan da ke bayan katanga sun ji kowace kalma."

Abin da dattijon ya lura da shi yana da dalili. Kunnen ɗan Adam ya fi jin sautukan da ke tsakanin kaɗawa 2,000 zuwa 5,000 a sakan, bandiri da amshin maza kuwa ƙasa suke cikawa. Muryar da ke da ƙarfi a wannan yanki na sama tana hawa kan taron ba tare da ihu ba. Masanin murya Johan Sundberg ya bayyana irin wannan ƙara, wajen 3,000, a muryar mawaƙan Turai da ake ji a kan tarin kayan kiɗa babu makirfo, kuma su sai sun yi shekaru suna neman ta. Abin da saurayin nan ya daɗe yana ƙoƙarin binnewa shi ne dalilin da ya sa aka fito da shi gaba, kuma ƙoƙarin binnewar ne ya haifar da mafi girma daga cikin aibobi ukun da ke takarda.

Ya koma jan baiti a daren Juma'a na mako na takwas, da ƙasida biyu. Kawun ya ajiye waya a kan kujera kamu biyu daga gabansa, nesa da mazurari. A ɗaukar, sautin baitin farko da na ƙarshe sun tsaya wuri ɗaya, babu dishewa bayan minti talatin da biyar, an ji shaƙarsa a tsakiyar baiti kuma babu wanda ta dama. Da aka tambaye shi ko yanzu yana son muryar, cewa ya yi ya daina jin ta kamar ta wani. Har yanzu in yara suka turo bidiyon da suka ɗauka daga gefen lasifika ba ya buɗewa a daren, sai da safe, da samma'a. A takardarsa akwai layi ɗaya da ba a goge ba: dogon "ii" a saman kari, kamar a ƙarshen kalmar Nabiyyi, yana matsewa saboda harshe na ɗagawa ya taɓa ganɗa sosai. An sa masa ya riƙa fara shi daga "ee" ya zame zuwa "ii" ba tare da muƙamuƙi ya rufe ba, minti biyu kafin kowane zama.